KAFSO BA YA WARKAR DA MURA

Dattawa da malamai da iyayenmu mata na Dusuman, a ƙasar Jere ta gefen Maiduguri, da ku 'yan'uwanmu da neman abinci ya kai ku Ikko da Badun da Fatakwal, ku ba ni aron hankalinku.

Da zarar hunturu ya kama, ɗakin shan magani yakan cika da masu mura da tari da ciwon maƙogwaro. Malamin asibiti ya duba mutum, ya ce ya je ya huta, ya yawaita shan ruwa, ya sha farasitamol, sai ka ga mutum ya ɓata rai, wai an raina shi tun da ba a ba shi kafso ko allura ba. Daga nan sai kemis.

To, ku sani ƙwayoyin cuta iri-iri ne. Kafso irin su amfisilin da tetarasaikilin, aikinsu kashe bakteriya. Mura kuwa bairas ke kawo ta, kafso ba ya taɓa shi. Takan wuce da kanta cikin mako guda ko kwana 10, ko da yake tarin yana iya daɗewa.

Ɓarnar ba ta tsaya ga asarar kuɗi ba. Duk sa'ad da aka sha kafso, bakteriya masu rauni da ke jiki su mutu, masu taurin kai su saura, su hayayyafa, su bazu cikin gida da unguwa. Ran da ciwon huhu na gaske ya zo, sai maganin ya ƙi ci. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi wannan kashedi tun 1945. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga ya nuna cewa a 2019 mutum wajen miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya sabo da bakteriyar da ta gagari magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce abin ya fi yi wa ta'adi. Nijeriya ma ta fito da shirinta na yaƙi da wannan matsala tun 2017.

Ba cewa nake ku ƙi asibiti ba. In yaro yana numfashi da sauri, ko ƙasan ƙirjinsa na lotsawa, ko ya kasa shan nono, a garzaya da shi. In tari ya kai mako 2, a je a gwada majina, gudun tarin fuka. Gwajin da maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati. In likita ya rubuta kafso, a sha yadda ya ce, kada a raba da maƙwabci.

Ku kuma mazauna Kurmi, ku bar sayen kafso a tasha kuna aikowa gida tsaraba. Ku aiko da kuɗin abinci da na zuwa asibiti. In gyatuma ta ce malamin asibiti ya hana ta kafso, kada ku ce ta tafi kemis. Ku gaya mata ya san aikinsa.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ba mu lafiya. Wassalam.