CIWON ƘODA YANA CIN ƘASHI

Jama'a masu saurare, maza da mata, musamman ɗaliban yaƙi da jahilci na Magarya, da Bande, da Waca, da Dungas, da Dogo-Dogo. Hirarmu ta yau a kan ƙoda ce, da abin da ya haɗa ta da ƙashi.

Kowane mutum yana da ƙoda 2 a bayansa, wajen kwiɓi. Aikinsu tace jini. A cikin kowace ɗaya akwai ƴan matatai wajen miliyan 1. Dattin da suka tace shi ke fita cikin fitsari.

To, ku shafa wuyanku, wurin da maƙoƙo ke fitowa. A can ciki akwai wasu ƴan ƙwayoyin nama guda 4, kowace kamar ƙwayar shinkafa. Likitoci suna ce musu faratiroyid. Su ke tsaron wani gishiri mai suna kalsiyom, wanda ke ƙarfafa ƙashi da haƙori. Ƙashi shi ne rumbun kalsiyom.

In kalsiyom ya ragu cikin jini, ƴan ƙwayoyin nan sai su zuba wani ruwa cikin jini, ya zama manzonsu. A jikin ƙoda akwai wuraren karɓar saƙonsa, kamar kunnuwa. Saƙon abu 3 ne: riƙe kalsiyom kada ya zube cikin fitsari, fitar da wani gishirin mai suna fosfor, gyara bitamin D domin hanji ya tsotsi kalsiyom daga abinci.

In ciwo ya daɗe a ƙoda, matatai sai su yi ta mutuwa, kunnuwan nan kuma su ragu. Ƙoda ta kurmance ke nan. Fosfor ya taru, kalsiyom ya yi ƙasa. Kun san mai kiran kurma: ƙara murya yake yi. Haka ƴan ƙwayoyin nan za su yi ta ƙara manzanni. Da ƙoda ta kasa amsawa, sai a koma ga rumbu, a yi ta ɗiba daga ƙashi. Rumbun da ake ɗiba ba a zubawa, kun san ƙarshensa. Mutum ya fara ciwon baya da ƙugu, jiki ya yi ta ƙaiƙayi, ya ɗan faɗi kaɗan ya karye.

Ga inda haɗari yake. Mai ciwon ƙashi sai ya je kasuwa ya sayi ƙwayar kashe ciwo wajen mai tebur, irin su diklofenak da ibuforofen. Yawan shan waɗannan yana ƙara ɓata ƙoda. Garin neman gira, a rasa ido.

Ciwon ƙoda ba ya yin sallama. Yakan yi shekaru ba a sani ba. Hawan jini da ciwon sukari su ne manyan masu kawo shi. Tsargiya da ake ɗauka a tabki, in an ƙyale ta, ita ma tana iya taɓa ƙoda.

Saboda haka:

Ku je gidan likita a auna muku jini da fitsari, ko da kuna jin lafiya.

Ku rage gishiri da kanwa. Gishirin yini guda kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokali ɗaya.

Yaron da ke fitsarin jini, a kai shi likita.

In ƙafa ko fuska ta kumbura, ko fitsari yana yawan kumfa, kada a jira. Asibitin Magarya tana iya tura mutum babbar asibitin Damagaram, inda akwai masu duba ƙoda. Akwai maganin rage fosfor, akwai bitamin D, amma likita ne zai faɗi yadda za a sha.

Yanzu ku tattauna da malaminku: a garinku, mutum nawa aka taɓa auna wa jini? Ku rubuta amsar cikin littafinku.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya ba mu lafiya.