ƘARANCIN JINI: A NEMI DALILI KAFIN A SAYI MAGANI

Wannan jawabi ya shafi 'yan'uwa mazauna Agege da Idi-Araba a Ikko, da Sabo ta Ibadan, da Shagamu, da sauran garuruwan kurmi inda neman abinci ya kai mutanen Arewa.

Sau da yawa akan ga ɗan dako ko mai tura ruwa yana kukan kasala da jiri, da haki idan ya hau bene, da bugun zuciya. Idan aka duba cikin fatar idonsa da tafin hannunsa sai a ga sun yi fari. Nan da nan sai a ce jininsa ya yi ƙasa, a saya masa kwalbar maganin ƙarin jini a kemis, ko a haɗa masa lemon malta da madara. To, a sani ƙarancin jini alama ce, akwai abin da ya kawo shi, kuma muddin ba a gano wannan abu ba, an yi ban ruwa ne a rariya.

A cikin jini akwai jajayen ƙwayoyi masu ɗauke da wani sinadari da ake kira hemogulobin, wanda shi ke kai iska ko'ina a jiki. Kowace ƙwaya takan yi kamar kwana 120 sa'an nan jiki ya sake wata, kuma ba ya iya sakewa sai da sinadarin ƙarfe da ake samu a abinci. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, namijin da hemogulobin ɗinsa ya gaza 13, ko macen da nata ya gaza 12, ko mai ciki da nata ya gaza 11, yana da ƙarancin jini. Binciken lafiyar jama'a na Nijeriya na 2018 ya nuna mata 58 cikin ɗari da ƙananan yara 68 cikin ɗari suna fama da shi.

Dalilan suna da yawa. A kurmi damina tana daɗewa, saboda haka zazzaɓin cizon sauro, mai farfasa jajayen ƙwayoyi, ba shi da lokaci. Ƙasa mai laima kuma tana raya wata tsutsa da ke shiga ta ƙafar mai tafiya ba takalmi, ta maƙale a hanji tana shan jini. Akwai tsargiya, da basir, da yawan jinin al'ada, da haihuwar kunika. Har ila yau, ƙwayoyin kashe ciwon jiki irin su asfirin, waɗanda leburori ke sha kullum, suna iya jawo gyambon ciki mai zubar da jini a ɓoye. Ga kuma cimar gwauro, watau gari da suga, da shayi da burodi safe da yamma. Shayi kuwa yana hana hanji tsotse ƙarfen abinci idan aka sha su tare.

Saboda haka matakin farko shi ne asibiti. A can za a auna jini, a nemi ƙwayar zazzaɓi, a duba bayan gida da fitsari. Magidanci ko dattijuwar da aka samu da ƙarancin ƙarfe, lalle a binciki cikinsu, domin wani lokaci ciwon daji na hanji da haka yake fara bayyana. Mai amosanin jini kuwa kada ya sha ƙwayar ƙarfe sai da iznin likita.

Wanda aka ba ƙwayar ƙarfe kada ya firgita idan bayan gidansa ya yi baƙi, kuma kada ya daina don ya ji ƙarfi. Akan ci gaba da sha kamar wata 3 bayan jini ya daidaita, domin jiki ya yi ajiya. A ɓoye ta nesa da yara, gama tana iya kashe yaron da ya haɗiye da yawa. Masu ciki su riƙa zuwa awo. A riƙa cin hanta da nama da kifi da wake da zogale da alayyafo, a bi su da lemo ko gwaiba, a jinkirta shayi sai bayan awa guda. A sa takalmi, a kwana cikin gidan sauro.

Mai neman na kansa a ƙasar nesa, jikinsa shi ne jarinsa. Allah ya ba da lafiya da zama lafiya, amin.