Sallar Ɗalibin Likita a Shekararsa ta Ƙarshe

Jawabin da wakilin ɗalibanmu masu karatun likita ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya

 

An umarce ni da in yi bayani a kan dalilin da ya sa ake neman 'ya'yan garin nan masu karatun likita a rasa su ranar Idi, musamman waɗanda suka kai shekarar ƙarshe. Wasu iyaye sun fara zargin ko boko ne ya raba mu da zumunci. Tun da zato zunubi ne, ya dace mu warware zare da abawa.

Karatun likita a jami'o'in Nijeriya shekara 6 ne, idan komai ya tafi daidai. Sai dai ba kullum yake tafiya daidai ba, domin yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ci kusan wata 9, na 2022 kuma wata 8. Bayan shekarar share fage, ɗalibi zai koyi ƙirar jikin ɗan Adam da yadda sassansa suke aiki, sannan ilimin cututtuka da na magunguna. Daga nan karatu yake komawa gefen gadon majiyyaci a asibitin koyarwa, irin su na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri. To, asibiti ba ya bin kalandar sauran makarantu. Ga shi kuma shekarar Musulunci tana gaza ta bature da kimanin kwana 11, saboda haka Sallah tana iya faɗowa a tsakiyar aikin sashen tiyata, ko ana saura mako biyu jarrabawa.

Jarrabawar ƙarshe kuwa ba ta takarda da alƙalami ba ce kawai. Za a haɗa ɗalibi da majiyyacin da bai taɓa gani ba, ya ji tarihin ciwonsa, ya duba shi, sannan ya tsaya gaban manyan likitoci, har da waɗanda aka gayyato daga wasu jami'o'i, ya faɗi abin da ya gano da dalilinsa da hanyar magani. Makin cin jarrabawa 50 ne cikin 100, kuma wanda ya faɗi a wannan ɓangare na gefen gado, ƙoƙarinsa na rubutu ba zai cece shi ba. Irin wannan ƙwarewa ba a haddace ta a daren jarrabawa. Sai an jera watanni ana bin zagayen duba marasa lafiya da safe, ana kwana a ɗakin agajin gaggawa, ana neman sa hannun malamai a littafin shaidar aiki.

Gwamnati takan ba da hutun kwana biyu, amma ciwo ba ya hutun Sallah. A waɗannan ranaku ne ake kawo waɗanda suka yi haɗari a hanyar zuwa gida, da samarin da suka yi ganganci da babura, da wanda doki ya kayar ko ya taka a wajen hawa. A Babbar Sallah akwai masu yankan wuƙa wajen fiɗa, da yaran da suka ƙone da man suya. Akwai kuma masu ciwon suga da hawan jini da suka ajiye magani suka bi zaƙi da maiƙo da gishiri. Haihuwa ma ba ta jiran a sauko daga Idi. Da yake ma'aikata sun ragu saboda hutu, ɗalibin shekarar ƙarshe yakan zama ƙarin hannu: ya auna jini, ya taimaka wajen sa ƙarin ruwa, ya riƙe wa mai ɗinki kayan aiki, duk a ƙarƙashin idon likita. Abin da zai gani a waɗannan kwanaki biyu ya kan fi na makonni.

Wanda ya samu sukunin zuwa gida kuma, wata jarrabawar ce take jiransa a zaure. Kafin ya ajiye jaka an fara kiransa Dakta. Gwaggo ta kawo takardar gwaji, kawu ya kawo ƙwayoyi a ƙulle cikin leda, maƙwabci yana son a rubuta wa ɗansa allura. Iyayena, mun san ƙauna ce da alfahari suka kawo haka, amma a gafarce mu idan muka ƙi rubutawa. Doka ba ta ba ɗalibi izinin rubuta magani ba. Ko bayan ya ci jarrabawa, rajistar wucin gadi kawai Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya za ta yi masa, har sai ya yi shekara guda ta horon aiki a sassa 4: cututtukan manya, tiyata, yara, da mata da haihuwa. Bayan haka ne zai samu cikakkiyar rajista, ya tafi yi wa ƙasa hidima. Dalilin wannan tsari a fili yake. Ciwon kai na iya zama gajiya, yana iya zama hawan jini, yana kuma iya zama sanƙarau, kuma ba a bambance su a tsaye a ƙofar gida. Abin da za mu iya, da farin ciki, shi ne mu auna muku jini, mu fassara muku abin da likita ya rubuta, mu kuma gaya muku lokacin da bai kamata a kwana ba a je asibiti ba.

Ina da roƙo guda uku ga wannan ƙungiya mai albarka. Na farko, a yi mana uzuri. Ɗan da bai zo Sallah ba a shekararsa ta ƙarshe, a kira shi a yi masa addu'a maimakon gori; uwa ta aika masa da soyayyen nama ya san ana tune da shi.

Na biyu, a duba yiwuwar ware wani kaso daga asusun ilimi domin ɗaliban shekarar ƙarshe. Wannan ce shekarar da kashe kuɗi yake taruwa: littattafai, kuɗin mota zuwa aikin karkara, aikin bincike na sashen kiwon lafiyar al'umma, sannan kuɗin rantsarwa da rajista. Abin takaici ne a ɗauki kaya tun daga nesa, a zo bakin ƙofa ya gagara. A madadin haka, ƙungiya tana da haƙƙin ta nemi alkawari daga duk wanda ta tallafa wa, cewa bayan ya samu rajista zai riƙa ba garin nan wasu kwanaki a kowace shekara domin duba marasa lafiya kyauta. A rubuta, a sa hannu, kada abin ya tsaya a fatar baki.

Na uku ya shafi ku mazauna birane kai tsaye. Jini na cikin abubuwan da ake nema ido rufe a lokutan bukukuwa, ga mai naƙuda da ta zubar da jini da wanda ya yi haɗari. Baligi mai lafiya yana iya ba da leda guda, kimanin mililita 450, jikinsa kuma ya mayar da ita. Idan kowane reshe na ƙungiyar nan zai sa rana guda kafin Sallah membobinsa su je asibiti mafi kusa su ba da jini, za a ceci rayukan da ba mu san iyakarsu ba, wataƙila har da na 'yan garin nan.

Daga ƙarshe, muna tunawa da marigayi Dakta Barau Dikko, likita na farko daga Arewacin Nijeriya, wanda asibitin koyarwa na Kaduna yake ɗauke da sunansa. Abin da aka fara da mutum guda, yau ga shi 'ya'yan manoma da 'yan kasuwa na garinmu, maza da mata, suna kan hanyarsa. Ku ci gaba da riƙe mu da addu'a da haƙuri, domin mahaƙurci mawadaci ne.