Jawabi ga Hakimai da Malamansu a Kan Ciwon Daji da Maganin Haske



Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya ke bin kanal har Kadawa, mutanen Kura da Bunkure su na noman shinkafa da alkama da tumatir rani da damina. Wannan alheri ne. Amma a cikin ruwan nan akwai katantanwa mai ɗauke da tsutsar tsargiya. Tsutsar kan huda fatar mai wanka ko mai ban-ruwa, ta zuba ƙwai a bangon mafitsara. Likitocin duniya sun tabbatar idan tsargiya ta daɗe ba magani, ta kan jawo ciwon daji na mafitsara.

To, ga labarin dabarun da masana su ka samo a kan ciwon daji.

Ta farko ta gani ce. A kan zuba wani magani cikin mafitsara, naman da ya kamu ya sha shi fiye da lafiyayye. Sa'an nan likita ya zura siririn madubi mai shuɗin haske, sai wurin cutar ya yi jaja-jaja, ya gan shi ko da ƙarami ne, ya kankare. Amurka ta yarda da wannan a 2010.

Ta biyu ta kashewa ce. A Jami'ar Rice ta Amurka, Naomi Halas da Jennifer West sun ƙera waɗansu ƙwayoyi da aka dalaye da zinariya, waɗanda ake kira nano. Sai an jera wajen 500 kāna su kai kaurin gashi guda. A kan sa su cikin jini. Kun san yadda ruwa kan tsiyaya inda bakin kanal ya tsage; haka jijiyoyin da ke ciyar da daji su ke da kafofi, sai ƙwayoyin su zurare su taru can. Idan aka haska wurin da leza, zinariyar ta ɗau zafi ta ƙone cutar, naman kewaye ya tsira. A 2019 an ba da labarin gwaji a Niyok kan maza 15 masu dajin ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsara. Bayan shekara guda, 13 ba a sami cutar a wurin da aka ƙone ba. Wannan gwaji ne tukuna.

Abin lura shi ne, haske ba ya ratsa nama da nisa. Saboda haka dabarun nan duka sai ga ciwon da aka tara da wuri. Wanda ya riga ya bazu cikin jiki ya fi ƙarfinsu.

Nan aikinku ya ke. Ku gaya wa dagatai da masu unguwanni fitsarin jini ba alamar balaga ba ce, cuta ce, ƙwayar firazikwantel kuwa ta na kashe tsutsar. A bar yara su sha idan an kawo makaranta. A hana fitsari cikin kanal, gama ta nan ƙwan ke komawa ga katantanwa. Magidanci kuwa da ya ga jini, ko ba zafi, kada ya tsaya jiƙe-jiƙe. A tura shi asibiti, in ta kama a kai shi Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Malamai, ku rubuta ƙauyukan da abin ya yi yawa, ku aika wa ma'aikatan lafiya.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.