Idan Tsohuwar Mota Ta Ƙi Tashi, a Fara Duba Waya

Wannan shi ne jawabin da wani tsohon mai gyaran wutar mota ya yi wa direbobi 'yan ajin yaƙi da jahilci, a kan tsohuwar Peugeot 504, wato Fijo. An fara ƙera wannan mota a Faransa a 1968, an kuma daɗe ana harhaɗa ta a Kaduna kafin a daina. A ƙauyuka da yawa ita ke kai hatsi kasuwa, ita ke kai mai naƙuda asibiti. Don haka ƙin tashinta da tsakar dare ba ƙaramin abu ba ne.

Malamin ya ce direbobi da yawa suna asarar kuɗi wajen sayen sabon kik ko sabon batir, alhali sau da yawa laifin na waya ne da ta saki ko ta yi tsatsa. Ya ce a fara da abu mai araha kafin a kai ga mai tsada.

Da farko a sa mota a firi, a ja birkin hannu, a kunna fitilun gaba, sannan a murɗa makulli ana kallo ana saurare.

Idan fitilu suka dushe ƙwarai, kik ya juya da ƙyar ko ya yi ƙas-ƙas, to batir ya yi sanyi ko kawunansa sun yi datti. Lafiyayyen batir yana nuna bolt 12.6 a ma'auni. A kwance kawunan, a wanke farin garin da ruwan zafi, a kankare, a ɗaure sosai, a shafa giris. A duba kaurin wayar da ta haɗa inji da jikin mota, domin ta nan wuta ke komawa batir.

Idan kuwa fitilu ba su dushe ba, kuma ba a ji motsin komai ba, wuta ba ta isa kik ba ke nan. A bi siririyar wayar da ta taso daga makulli zuwa kan kik. Ya nuna yadda ake gwaji da ƙwan fitila mai waya biyu: ɗaya a bakin wayar, ɗaya a jikin mota. In an murɗa makulli ƙwan bai kama ba, laifin na makulli ne ko na wayar. In ya kama, sai a kwance kik a kai wa mai gyara.

Wani lokaci kik yana juya inji lafiya, amma mota ta ƙi tashi. In akwai mai, sai a nemi wutar filogi. A gwada ko wuta tana isa kwayil. A buɗe murfin distiributa, a goge laima, a duba ko ya tsage. Tazarar bakin kwantak ta zama milimita 0.4. Filogi huɗun suna ba da wuta bi da bi: 1, 3, 4, 2. Saboda haka a rubuta lamba a jikin kowace waya kafin a cire ta. Ya ce ga amfanin karatu nan.

Daga nan ya yi gargaɗi. In za a taɓa wayoyi, a fara cire kan batir mai alamar ɗebewa (-), shi ne kuma za a mayar a ƙarshe. Kada a kusanci batir da ashana ko taba, domin yana fitar da iska mai kamawa da wuta. Kada a naɗa waya a madadin fis da ya ƙone. Haka ake ƙona mota. Kada kuma a bar makulli a kunne inji yana kashe, domin kwayil na iya ƙonewa.

A ƙarshe ya shawarci kowane direba ya ajiye ƙwan gwaji, sifana, fis da tocila a cikin mota, ya riƙa duba kawunan batir kowane wata. Turi, in ji shi, yana kai mutum gida yau, amma ba ya warkar da cutar.