Wa Ke Riƙe da Lissafin Fanshon Ma'aikaci? Darasi Daga Birtaniya

Jawabin da aka gabatar a taron wayar da kai na reshe



An nemi in yi bayani a kan yadda hukumar haraji ke bin diddigin tanadin fansho a ƙasar da doka ta yanka wa tanadin iyaka. Misalin da zan kawo na Birtaniya ne. Dalilina biyu. Tun watan Fabrairun 2023 Ingila ta buɗe wa malaman da suka samu horo a Najeriya da Gana da wasu ƙasashe ƙofar neman shaidar koyarwa a can, don haka dokar ta shafi wasu daga cikin abokan aikinmu. Sannan akwai darasi a cikin lamarin har ga wanda ba ya da niyyar barin gida.

Gwamnatin Birtaniya tana yi wa ma'aikaci rangwamen haraji a kan kuɗin da yake zubawa a asusun fansho. Don kada masu hannu da shuni su kwashe wannan rangwame, sai dokar kuɗi ta 2004 ta tsayar da iyaka ga abin da mutum zai tara a duk tsawon rayuwarsa ba tare da ƙarin haraji ba. Iyakar ta fara aiki ranar 6 ga Afrilu, 2006, a kan fam miliyan 1.5. Ta hau zuwa miliyan 1.8 a 2010, aka mai da ita miliyan 1.5 a 2012, miliyan 1.25 a 2014, sannan miliyan 1 a 2016. Daga baya ta ɗan ɗaga har ta tsaya a fam 1,073,100 a 2020. Kafin Afrilun 2023, wanda ya zarce iyakar, ana cire masa kashi 55 cikin 100 na rarar idan ya karɓe ta a dunƙule, ko kashi 25 idan ya bar ta ana biyansa a hankali, ban da harajin da ake cirewa a kowane biya.

To, a wancan lokaci, yaya hukumar haraji ta ƙasar, wato HMRC, ke sanin cewa wane ya kai iyaka, alhali mutum ɗaya yana iya mallakar asusu uku ko huɗu a wurare daban-daban? Mutane da yawa sun ɗauka akwai wani babban kundi a ofishin hukumar inda ake tara lissafin kowa wata-wata. Ba haka aka tsara abin ba. An raba aikin ne tsakanin masu kula da asusun fansho da shi ma'aikacin, hukuma kuma tana duba rahoton da ya iso mata.

Da farko dai, a zamanin wannan iyaka ba kullum ake auna tanadin ba. Doka ta ware lokutan awo: ranar da mutum ya fara karɓar fansho, ranar da ya karɓi kuɗi a dunƙule, ranar da ya cika shekara 75, lokacin da ya mai da asusunsa wata ƙasa, da lokacin da aka biya magadansa wasu haƙƙoƙi bayan rasuwarsa. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan, mai kula da asusun zai ƙiyasta darajar abin da aka fitar.

Ga malamai, waɗanda fanshonsu ya dogara da albashi da shekarun aiki, babu wata tukunyar kuɗi da za a leƙa a ƙirga. Saboda haka a lokacin ana ninka fanshon shekara sau 20, a ɗora kuɗin sallama a kai. A ce shugabar wata makaranta ta yi ritaya da fanshon fam 30,000 a shekara da kuɗin sallama fam 90,000. Lissafinta ya zama 600,000 a tara da 90,000, wato fam 690,000, kimanin kashi 64 cikin 100 na iyakar fam 1,073,100.

Ku lura da wannan kaso, domin shi ne ginshiƙin tsarin. Da yake iyakar tana hawa tana sauka, ba adadin kuɗi ake riƙewa ba, kason da mutum ya ci ake rubutawa. Wanda ya fitar da fam 750,000 a 2006 ya ci rabin iyakarsa. In ya dawo a 2016, rabi ne ya rage masa, amma rabin sabuwar iyaka, wato fam 500,000.

A lokacin, wajibi ne mai kula da asusu ya ba ma'aikaci takardar da ke nuna wannan kaso cikin wata uku, ya kuma riƙa aiko masa da ita duk shekara idan yana biyansa fansho. Ranar da ma'aikacin ya je buɗe asusunsa na biyu, za a tambaye shi kaso nawa ya riga ya ci, kuma shi ne zai kawo amsa. Asusun farko ba ya sanar da na biyu. Idan bai kawo bayani ba, masu asusun na iya jinkirta biya, ko su ɗauka ba abin da ya rage masa su yanki haraji, domin doka ta ɗora alhakin biyan harajin a wuyansu tare da shi.

Ita kuwa hukuma tana samun labari ta hanya uku: rahoton harajin da masu asusu ke turawa duk wata uku, rahoton shekara da ake miƙawa zuwa 31 ga Janairu, da takardar harajin da mutum ke cikewa da kansa. Lambar inshorar ƙasa ta kowane ma'aikaci ita ce zaren da ke ɗinke waɗannan rahotanni. In an sami saɓani, sai bincike ya biyo baya, wani lokaci bayan shekaru.

Akwai kuma takardun kariya. Duk lokacin da aka rage iyakar, ana ba waɗanda suka riga suka tara da yawa damar neman riƙe tsohuwar iyakarsu, a ba su lambar shaida. A wancan lokaci, wani nau'in kariyar yana da sharaɗin kada a ƙara zuba ko sisi, ta yadda mutum zai iya rasa ta don kawai sabon wurin aiki ya sa shi a tsarin fansho bai fita a kan lokaci ba.

A watan Maris na 2023, ministan kuɗi Jeremy Hunt ya sanar da soke harajin, bayan koke-koken cewa yana sa manyan likitoci yin ritaya da wuri. An share iyakar daga doka ranar 6 ga Afrilu, 2024. Amma tsofaffin takardun ba su mutu ba. An kawo sabuwar iyaka ta fam 268,275 a kan kuɗin da za a karɓa a dunƙule ba haraji, kuma da tsohon kason nan ake lissafa abin da ya rage wa mutum. Da tsohuwar zuma ake magani: wanda ya adana shaidarsa yana iya neman a yi masa lissafi da ainihin abin da ya karɓa, maimakon ƙiyasi.

A Najeriya dokar fansho ta 2014 ba ta yanka irin wannan iyaka ba. Ta tanadi mafi ƙarancin kashi 10 daga mai ɗaukar aiki da kashi 8 daga ma'aikaci, a ƙarƙashin kulawar hukumar PenCom, jihohi kuma kowace da tata dokar. Duk da haka darasin ya shafe mu. Idan ƙasar da ke da ma'aikatan haraji da na'urori masu yawa ta bar wa ma'aikaci ɗawainiyar riƙe shaidarsa, bai kamata malami a nan ya miƙe ƙafa yana cewa komai na fayil ba.

Don haka ina roƙon kowannenmu ya tanadi jaka guda: takardar ɗaukar aiki, ta tabbatarwa, ta kowane ƙarin girma da canjin wurin aiki, takardun albashi, da bayanin asusun fansho. A duba cewa suna da ranar haihuwa sun zo ɗaya a ko'ina. A sanar da iyali inda jakar take, domin magada ne suka fi shan wahala idan takarda ta ɓace. Ga shugabannin reshe kuwa, shawarata ita ce a ware rana ɗaya a shekara da za mu zauna mu gwada abin da aka cire a albashi da abin da ya shiga asusu, a rubuta duk giɓin da aka gani, a bi shi tun masu sa hannu suna kan kujerunsu.

Allah ya sa mu gama aiki lafiya, mu ci guminmu da hannunmu.