Rudun Albasa da Saƙar Kobalt: Laccar da Aka Gabatar a Birnin Ƙonni

 

Duk wanda ya bi hanyar Galmi bayan an cire albasa ya ga rudu a gonaki. Itace ne da kara aka ɗaure, aka bar ƙofofi domin iska ta ratsa. Manomi ya san amfanin rudu yana ga sararin da aka bari tsakanin kara da kara. Da wannan hikima masana sinadarai suke gini yau, sai dai ginin nasu ido ba ya ganinsa.

Ginshiƙin shi ne ƙwayar zarrar kobalt, ƙarfen da mafi yawansa daga Kwango ake haƙo shi. Alfred Werner, wanda ya samu kyautar Nobel a 1913, ya nuna cewa kobalt kan riƙe maƙwabta shida: huɗu a kewayensa, ɗaya sama, ɗaya ƙasa. Igiyar ɗaurin kuwa ita ce kabokzilet: kabon ɗaya mai riƙe da oksijin biyu, kamar hannu mai yatsu biyu. Idan ƙwayar sinadari tana da irin wannan hannu biyu ko uku, sai ta kama kobalt nan, ta kama wani can, saƙa ta miƙe kamar zana.

Kada ku ɗauka abin baƙo ne. Farar ƙasar da ake ƙonawa a masana'antar siminti ta Malbaza, kalsiyam ce da kabonet, wato kabon mai oksijin uku. Kabonet da kabokzilet ƴan uwan juna ne.

Yaya ake ganin saƙar? A 1912 Max von Laue ya gano cewa hasken ekisire yana warwatsuwa idan ya ratsa kiristal, sai Bragg da ɗansa suka koya mana karanta ɗigogin da ya bari. Da wannan dabara Dorothy Hodgkin ta bayyana ginin bitamin B12, ga kobalt zaune a tsakiyarsa. Makiyayan Illela su lura: saniya da tunkiya na bukatar ɗan kobalt a abincinsu don cikinsu ya haɗa wannan bitamin.

A 1995 Omar Yaghi, ɗan gudun hijirar Falasɗinu da ya girma a Amman, ya ɗaure kobalt da sinadari mai hannun kabokzilet uku. Kiristal ɗin ya fito shimfiɗa kan shimfiɗa, yana karɓar wasu sinadarai a tsakani yana sakinsu, kuma ya jure zafin digiri 350 bai rushe ba. Daga baya ya yi wasu saƙe-saƙen da ke tsotso ruwa daga iskar hamada da dare, su sake shi idan rana ta yi zafi. A 2025 shi da Susumu Kitagawa da Richard Robson suka karɓi kyautar Nobel.

Ƴaƴana ɗalibai, Yaghi ya tashi a gidan da ake jiran ruwa kwanaki, kamar yadda da yawanmu muka tashi. Ku riƙe lissafi da kimiyyar sinadarai da kyau, ku nufi jami'ar Tawa ko ta Yamai. Wanda kakansa ya iya ɗaura rudu ba zai kasa fahimtar wannan gini ba.